Ba Zan Dafa Abincin Walimar Ɗanlami Ba

Tudun Wada, Gusau,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Kawuna, Alhaji Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uba, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da ɗiyarku Sadiya da maigidanta da yara. Yaya gwiwar? Sadiya ta ce mini ta lafa tun da kuka yarda kuka daina hawa bene, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Yaya kasuwar albasa, yaya kuma ruwan Legas da ba ya jin a bari? Mu nan zafi ne kawai, hadari ya haɗu ya watse, mutane sun fara sharar gona, waɗanda gonakinsu ke kusa da gari ke nan. Maigidana Umaru yana lafiya, yana ta fama da shago. Yara sun koma makaranta, ni ma na koma aji. Mahaifiyarmu Hajiya tana nan a Bungudu, jinin yana hawa yana sauka, amma tana cin abinci, tana kuma shan maganinta in Wasila, matar Yaya Mannir, ta tsaya a kanta.

Na san za ku yi mamakin ganin takarda a hannun Dogo direba alhali ga waya. Dalili shi ne sau uku ina kiranku don in faɗi maganar nan, sau ukun kuna fara ba ni dariya tun kafin in buɗe baki, sai mu ɓuge da hirar duniya in kashe. Ni kuma ba a koya mini katse babba ba. Takarda ba ta da wannan kunyar. Roƙona dai ku karanta da kanku, kada ku miƙa wa Sadiya ta karanta muku. Ko tabarau ya ɓace, ku daure ku neme shi.

Saƙonku na murya ya iso ranar Talata. Kun ce za ku zo Tsafe Asabar ta sama a yi walimar muƙamin da aka ba ɗanku Ɗanlami. Kun ce ni zan tsaya kan tukwane, tunda mahaifiyarsa Inna Luba ta riga mu gidan gaskiya, kuma Yaya Mannir ne zai tashi gaban jama'a ya yi jawabin taya murna, don duniya ta ga siyasa ba ta raba zumunci ba. Kun ƙara da cewa duk abin da ya faru wasan taubashi ne, taubashi kuwa ba ya fushi. Na saurari saƙon nan sau biyar. Kawu, tun da nake ban taɓa ce muku a'a ba, amma wannan karon ba zan dafa ba, ba zan zo ba, kuma ina roƙonku ku sauke wa Yaya Mannir maganar jawabin nan. Don ku gane dalili dole in karya wani alkawari da na riƙe shekara uku. Na yi rantsuwa a kansa, na kuma riga na tambayi malam yadda kaffararta take.

Kada ku ɗauka ni maƙiyiyar sana'ar Ɗanlami ce. Baiwar kwaikwayo a wurinku ya gada, har yau Hajiya in tana cikin nishaɗi takan ba mu labarin yadda kuke kwaikwayon tafiyar mai unguwa kuna yara har a kore ku daga zaure. Da ya fara sa wasanninsa a waya ni ce ta farko wajen tura wa mutane. Kuna tuna wanda ya yi a kan shugaban nan da ya zo buɗe rijiyar burtsatse, alhali ruwan da ke cikin tankin ƴan ga-ruwa ne suka zuba? Takardun koke nawa aka rubuta a kan rijiyar nan babu wanda ya waiwaya, amma da gari ya ɗauki dariya, cikin mako biyu aka turo masu gyara. A ranar na yi alfahari da shi. Talaka a nan ba ya iya tsayawa gaban mai mulki ya gaya masa gaskiya, amma yana iya yi masa dariya, kuma na ga da idona cewa suna jin zafinta. Don haka duk wanda ya ce mini wasan barkwanci ba ya komai a siyasa, raina mini hankali yake yi.

Ku da kuke nesa bidiyo kawai kuka gani, bari in faɗa muku yadda abin ya faro. Kun san Yaya Mannir bai nemi takarar majalisar jiha da kansa ba. Shekara goma sha tara yana malamin asibiti a ƙauyukan Bungudu, dattawa ne suka yi ta sintiri gidansa har ya ajiye aiki ya amsa. Maganarsa ɗaya ce duk inda ya je, a samu ungozoma da magani a ƙananan asibitoci don mata su daina mutuwa a hanyar Gusau. Saura wata guda zaɓe aka yi taro a filin makarantar firamare bayan la'asar, ina wurin, cikin rumfar mata. Yana tsakiyar magana wani matashi ya murɗa babur a bayan rumfa, salansa ta buga ƙara kamar an yi harbi. Kafin in ƙifta ido Yaya Mannir ya saki lasifika ya faɗa ƙarƙashin teburin da ke gabansa. Bai yi minti ɗaya ba ya fito, ya kakkaɓe riga, ya nemi afuwa, ya ƙarasa jawabinsa. An ɗan yi ƙus-ƙus, shi ke nan. A Zamfarar yau wa ke da bakin yi wa wani dariya don ya razana da ƙara? Rabin mutanen da ke filin nan ma sun duƙa.

Kwana uku bayan haka Ɗanlami ya saki wasansa. Ya sa riga irin ta Yaya Mannir, ya karkata hula yadda yake karkatawa, har gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara magana bai bari ba. Yana cikin zuba alkawura sai a buga gwangwani, ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur, ya ɗora hannu biyu a ƙeya yana kyarma yana cewa a yi masa rai, wani kuma daga gefe ya yi shela cewa Honarabul ya shiga ofis. Ku riƙe maganar hannu a ƙeyar nan, Kawu, zan dawo kanta. Daga nan duk bayan kwana biyu sai ga sabo. Yau zakara ne ya yi cara Honarabul ya shiga ofis, gobe jariri ne ya yi atishawa, jibi uwargida ce ta yar da murfin tukunya. Na kalli goma sha ɗaya kafin zuciyata ta ƙi. Mutanen abokin hamayya suka ɗauka suna haskawa a majigi ƙauye-ƙauye, daga baya ma suka daina ɓoye-ɓoye, suka riƙa yawo da Ɗanlamin kansa a bayan mota, shi da teburinsa.

Abin bai tsaya a Bungudu ba. A makarantar da nake koyarwa, nan cikin Gusau, babur ba zai wuce bayan taga ba sai yaran aji huɗu sun zube ƙarƙashin benci suna ihun an shiga ofis. Malama Esta, abokiyar aikina, mace mai kirki, ita ta kawo mini wayarta ɗakin malamai tana share hawayen dariya, wai in zo in ga wani ɗan takara. Ba ta san yayana ba ne. Da na gaya mata, sai da ta kwana biyu ba ta iya haɗa ido da ni ba. Ƴan kabu-kabu kuwa, in suka hango Yaya Mannir a bakin titi, da gangan suke murɗa hannu su ga ko zai yi. Wani lokacin yana daurewa, za ka ga gumi na zubo masa yana danne gefen mota. Wani lokacin ba ya iyawa, su kuma wayoyinsu na hannu.

Matasan da ke tafiyarsa sun so su kai ƙara, wasu sun so a ɗauko wani mai barkwancin a rama, wasu ma sun so abin da ya fi haka muni. Dattawa suka taru a zauren Hajiya suka hana, da hujjar nan da kuka kafa yanzu, wai ɗan mace da ɗan namiji ne, abin kunya ne a ji Mannir ya kai ƙarar taubashinsa ko ya nuna ya ji zafi. Da wannan magana aka ɗaure shi hannu da ƙafa. Da bare ne ya yi masa haka, da jam'iyya ta san yadda za ta yi da shi. Kuma ina da yaƙinin waɗanda suka ɗauki Ɗanlami aiki sun san wannan sarai, shi ya sa duk masu barkwancin da ke Gusau ba su ga kowa ba sai shi. Sun nemi bakin da ba za a iya mayar wa martani ba, suka same shi a cikin gidanmu.

Ni da kaina na je shagon da yake haɗa wasanninsa a Sabon Gari. Tun daga ƙofa ya tare ni da tsokana, wai ni ma ai taubashiyarsa ce, in kiyaye kada in fito a na gaba da alli a hannu. Yaransa suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya tsaya haka. Ya ce sana'a ce, in bai yi ba wani zai yi, kuma wai babu mai hankalin da zai jefa ƙuri'a saboda wasa, mutane sun san abin da suke yi. Na ce in wasan ba ya komai, me ya sa ake yawo da shi a mota? Ya yi dariya ya ce malamai kun cika tambaya. Sai na matsa kusa, na rage murya, na tambaye shi ko ya manta ɗakin baƙin gidana. Nan take ya kama danne-dannen waya, ya ce yana da baƙi da ke jiransa.

Kawu, ni ma a gidan nan na tashi, na san wasan taubashi. Ina nan ranar sunan ɗan farin Yaya Mannir da Ɗanlami ya ɓoye masa takalma, ya sa angon ƙarni ya fita gaisawa da mutane da silifas ɗin bayi. Ina nan kuma da Yaya Mannir ya rama ya cika masa fura da barkono. Kowa ya yi dariya, su biyun suka sa hannu a kwano ɗaya. Wannan shi ne wasan da muka sani, ido da ido, a cikin dangi, kowa da bakin ramawa. Amma wanda aka yi gaban dubban mutanen da ba su san Mannir ba, ba su san dangantakar ba, a kan mutumin da aka hana ramawa, kuma wani daga waje ne ya ɗauki nauyi, ku faɗa mini a wane gida aka taɓa yin irinsa. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an kira shi wasan taubashi, don cin fuska ne, kuma an sani.

Ranar zaɓe na je Bungudu, can katina yake. Na tsaya a layin mata tun hantsi har azahar, na ja mayafi na rufe fuska saboda rana, da yawa ba su gane ni ba. A tsawon tsayuwar nan ban ji an ambaci ungozoma ba, ban ji an ambaci magani ba, zancen ofis kawai ake yi. Wata ta ce ita ba za ta tura mutum majalisa ya je ya shige ƙarƙashin kujera ba. Wata ta ce in ɓarayin daji suka shigo gari shi zai riga kowa ɓuya. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce tsohuwar nan mai ƙosai ta bakin tasha, wadda Yaya Mannir ya yi shekara guda yana wanke wa gyambon ƙafa har ya warke. Da ƙafar nan ta tako ta zo, tana tafa hannu tana ba mata labarin na zakara, ta ce Malam Mannir mutumin kirki ne, amma ita ba ta ba matsoraci ƙuri'arta. Ba na cewa ba a raba taliya da atamfa ba. An raba, kullum ma ana rabawa, kuma an san da su tun farko aka ce zai ci. Tazarar da aka ba shi ba ta kai mutanen unguwa ɗaya ba. Wanda ya ci kuwa, har yau ban sami wanda zai faɗa mini abu ɗaya da ya ce zai yi ba, don a taronsa ba ya wata magana, Ɗanlami ne ke hawa da tebur.

Ina tsaye a layin nan ina jin haushin matan, sai na tuna da kaina. A zaɓen da ya wuce akwai wani ɗan takara mai i'ina da masu barkwanci suka sa a gaba, na yi dariya har da riƙe ciki, ranar zaɓe kuma na tsallake shi ba tare da na taɓa sauraron jimla ɗaya daga bakinsa ba. Ban san wane ne ba, ban san me ya same shi ba, ban san ko yana da ƙanwa a layin ba. Wannan ma yana cikin abin da ke damuna, kuma ban cire kaina daga laifi ba.

Faɗuwa zaɓe ba ƙarshen duniya ba ce, mutane na faɗuwa su tashi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hajiya. Mun yi ta ɓoye mata, sai a wani gidan suna mata suka kunna bidiyon a gabanta, suna dariya suna satar kallonta. Ta dawo gida ta sa aka kira Yaya Mannir. Wasila ta ce tana tsakar gida tana ji, Hajiya ta ce masa ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa duƙa wa ƙarar komai ba, ta tambaye shi a ina ya samo wannan hali. Ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri. Tun ranar ba ta sake fita unguwa ba, in kuma ya shiga gaishe ta bango take kallo tana amsawa. Kun san yayarku, in ta riƙe abu ta riƙe.

To ga abin da na rantse ba zan faɗa ba. Shekara uku da suka wuce, da ɓarayin daji suka tare mota a hanyar Tsafe suka tafi da Inna Luba, kuna kwance a asibiti a Legas an yi muku aikin gwiwa. Suka ce sai an kai musu sabon babur har cikin daji, kuma ɗan gida ne zai kai. Kuka sa aka sayi babur, kuka umarci Ɗanlami ya kai. Bayan kwana biyu Inna Luba ta fito, kuma tun daga lokacin ba kwa zama a majalisa ba ku ba da labarin ɗanku da ya shiga daji ya karɓo uwarsa ba. Ni kaina na ji ku kuna faɗa a zaman makokinta bara, kuna dafa kafaɗarsa. Kawu, Ɗanlami bai je ba. Da babur ɗin ya tuƙo har Bungudu da rana tsaka, ya zube gaban Yaya Mannir yana kuka, ya ce ƙafafunsa ba za su kai shi ba. Wallahi ban ga laifinsa a nan ba, har gobe ma ba zan gani ba, daji ba wasa ba ne. Yaya Mannir ya karɓi makulli, ya ce masa ya tafi gidana a Gusau ya kashe waya ya zauna. A ɗakin baƙina ya yi kwana biyun nan, ni na riƙa kai masa abinci.

Shi ya shiga dajin. Ɓarayin sun karɓi babur sun saki Inna Luba, amma da suka ga katin aiki a aljihun Yaya Mannir suka gane malamin asibiti ne, sai suka riƙe shi ya riƙa yi musu jinyar masu rauni. Kwana ashirin da shida ya yi a hannunsu. Muka ce wa Hajiya an tura shi aikin rigakafi ƙauyukan da babu sabis, don likita ya riga ya gargaɗe mu a kan jininta. Ku kuma ba a faɗa muku ba saboda ba kwa iya ɓoye wa Hajiya komai, kuma saboda kafin Yaya Mannir ya hau babur ɗin ya kira ni a waya, ya sa ni da Wasila mun rantse cewa za a bar wa Ɗanlami sunan, kada uba yana gadon asibiti ya ji ɗansa ya kasa. Inna Luba ta ga wanda ya zo, ta riƙe a cikinta har kabari, Allah ya jiƙanta. Ranar da suka sake shi wani manomi ne ya tsince shi a gefen gona wajen Magami ya ɗoro shi a amalanke, Umaru ya je ya ɗauko shi. Sati uku ya yi a gidana kafin ya iya tsayuwa gaban Hajiya kamar wanda ya dawo daga aiki.

Ni na riƙa wanke masa idon sawu inda sarƙa ta ci. A hankali, ba rana ɗaya ba, ya gaya mini cewa a can ƙarar babura ita ce alamar sun dawo. In sun dawo da wanda aka harba, a kansa ake tsayawa da bindiga har ya gama ɗinki, in mutumin ya mutu kuma shi ake duka. In sun dawo cikin nishaɗi, sai su riƙa harbi ta saman kansa don su ga ya zube ƙasa ya ɗora hannu a ƙeya yana roƙon a yi masa rai. Ya ce dariya suke yi sosai.

Yanzu ku dawo kan bidiyon. Ranar taron Bungudu ina kallo, zanen tebur ya rufe shi, babu wanda ya ga hannunsa. Lasifika ta faɗi, babu wanda ya ji abin da ya ce. To a ina Ɗanlami ya samo hannu a ƙeya? A ina ya samo roƙon a yi masa rai? A ɗakin baƙina ya samo. Ya zo duba shi a sati na biyu, ɗan kabu-kabu ya wuce ta lungunmu, Yaya Mannir ya faɗo daga kan gado ya shige ƙarƙashinsa yana faɗin haka. Ɗanlami ne ya taimake ni muka jawo shi, hawaye na zuba a fuskarsa. Ashe yana kukan yana haddacewa. Wannan shi ne abin da kuka yi wa dariya har kuka tura wa dangi, kuka ce yaron nan ya iya tsiya. Ba ku sani ba, shi ya sa ban riƙe ku ba. Shi kuwa ya sani, kuma aƙalla sau goma sha ɗaya ya maimaita.

Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe na roƙi Yaya Mannir ya bari in faɗa, ko ya ɗage ƙafar wando ya nuna wa jama'a idon sawunsa. Magana ɗaya ce, da ta juya zaɓen nan, da tsohuwar mai ƙosai ta ji kunya. Ya ce in ya faɗa, ya tona asirin da marigayiya ta rufa wa ɗanta, ya kunyata ku a gaban abokanku na Legas, ya kuma jefa Hajiya cikin firgicin abin da ya riga ya wuce. Ya ce kujera ba ta kai haka ba. Na yi masa faɗa kamar ba yayana ba, na ce wannan ba haƙuri ba ne, wauta ce, kuma matan ƙauyen da yake yi wa magana su za su biya. Ya bar ni na gama. Har yau shi ma ina jin haushinsa.

Ban rubuto don ku tsine wa Ɗanlami ba, ɗanku ne, ni ma ƙanena ne. Ya riƙe muƙaminsa, an ce mai taimaka wa Honarabul ɗin da ya ci zaɓe ne kan kafafen sada zumunta, Allah ya shirye shi. Ku yi walimarku in kun ga dama, Tsafe ba ta rasa masu girki ba. Amma don girman Allah kada ku tsayar da mutumin nan gaban jama'ar da suka yi wata guda suna masa dariya, ku sa shi ya ce ya ji daɗi. Sai maganar Hajiya. Ni ba zan iya gaya mata ba, ban san yadda jininta zai ɗauka ba. Ku ne ƙaninta, ku kuka san ta inda ake shiga mata. In kun ga a bar ta a haka, ku kuka yanke, ba zan ja ba. Ni dai ina duba shekarunta, ina kuma ganin yadda take juya wa ɗanta baya, ina tsoron ta tafi da tunanin matsoraci ta haifa.

In na yi rashin kunya a cikin takardar nan ku yafe mini, zuciya ce ta cika. Ku gaishe mini da Sadiya da maigidanta, da takwarata ƴar autarta, da Malam Jatau abokin kasuwancinku, ku ce masa goron ya iso, mun gode. Na ba Dogo ƙullin daddawa da kuka da yaji ya kawo muku. Umaru yana gaishe ku da kyau, yara ma haka, Wasila ma ta ce a gaishe ku.

Yaya Mannir ma yana gaishe ku. Bai san na rubuta wannan takarda ba. Jiya na je Bungudu don in ce masa kada ya je walimar, na tarar Wasila ta riga ta kai babbar rigarsa wanki da guga. Ya ce Kawu ya kira, ba a ƙin kiran Kawu, zai zo kuma zai yi jawabin. Abu ɗaya ya ce in roƙa masa in mun yi waya, ya kuma ce in faɗa a hankali, kada ku ga kamar sharaɗi yake kafawa. Wai in da hali, a hana samari wasan babur a ƙofar gida har ya gama magana.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Ɗiyarku,
Shafa'atu.